Littafin Labaran

Akwatin ya iso Ƙofar Marusa ranar Talata,
yaron mota ya ɗauko shi da hannu ɗaya.
Riguna biyu, agogon da ya tsaya,
da littafin rubutu mai koren bango
wanda danshin teku ya ci gefensa.

Shekara tara yayana Labaran na loda tsofaffin motoci
a tashar jirgin ruwan Holan,
sannan ya gangara can gindin ƙasa, Afirka ta Kudu,
inda ya ce kifi ya fi albasa araha.
Bai taɓa gaya mini yana karatu ba.
Ni ce malamar nahawu a gidanmu,
shi ko wasiƙa sai an yi masa gori.

Ya tsaga shafi biyu da jan biro.
Hagu Holanci, dama Afirkans.
A hagu aikatau na sauya riga
kamar mai biki uku a yini guda:
ik ben, jij bent, hij is, wij zijn.
A dama riga ɗaya tal,
ek is, jy is, hy is, ons is,
ni da kai da shi da mu
duk a akushi ɗaya muke sa hannu.
A ƙasa ya rubuta da rubutunsa mai kama da sawun kaji:
"Wannan harshe jirgi ya hau kamar ni,
ya zubar da kaya a ruwa don kada ya nitse."

Na juya shafi.
Ik liep, na yi tafiya:
kalma guda ta haɗiye jiya, ta riƙe ta a ciki.
Can kudu jiyan ta zame a hanya,
sai an kira ɗan dako ya tallafo ta,
ek het geloop.
Ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ban san dalili ba.

Da yana zaune a kan turmin nan
da na ce, Labaran, ai ba ka yi nisa ba.
Namu aikataun ma ba ya duban fuskar mai yi:
na tafi, kin tafi, sun tafi,
wakilin suna ke ɗaukar lokaci a ka
shi yana biye hannu a aljihu.
Amma taɓa masa wutsiya ka ga aiki,
saya, saye, sayo, sayar.
Fita da fito.
Koma da komo.
Wasali ɗaya ne tsakani,
shi Inna ta shekara goma sha huɗu tana jira
a bakin ƙofa, bayan la'asar.

Shafin ƙarshe babu jan layi, biron ya ƙare,
da fensir ya ƙarasa.
Skryf, skrywe: rubuta.
Leef, lewe: rayu.
Sterf, sterwe: mutu.
"Doguwa da gajera, duka daidai ne,
in ji tsohuwar da nake haya a gidanta.
Ta ce doguwar ta fi yawa a bakin kakarta."
Ban san wacce likita ya faɗa a kansa ba.

Inna ta leƙo daga madafa, hannunta duk kuka.
"Tsahare, mi ya ce?"
Na ce nahawu ne, Inna.
Ta ce, "Shi ɗin?" Ta yi dariya har ta dafa bango,
sannan ta daina.

Akwai kalma ɗaya da ya kewaye a gefe,
cikin 'yan tsirarun da ba a jefa a teku ba,
hagu da dama iri ɗaya:
ik was, ek was.
Bai fassara ta ba.
Na ɗauki fensir ɗina na makaranta,
na daɗe riƙe da shi,
har aka kira magariba a masallacin unguwa.